Amsa ga mai son tara wuƙaƙen aljihu da aka daina ƙerawa

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Bauchi ya ce yana sha'awar tara wuƙaƙen aljihu masu naɗewa irin na Benchmade, Spyderco da Microtech, musamman waɗanda kamfani ya daina yi, har da masu maɓalli da ke buɗe kansu. An yi masa tayin tsohuwar Benchmade 710 da wata Microtech Ultratech ta hannun wani mai dawowa daga ƙasar waje. Yana son sanin ta ina zai fara, yadda zai bambance ta asali da jabu, abin da ke lalacewa a cikinsu, da yadda zai adana su a yanayin garinmu.

Amsa: Malam, daina ƙera wuƙa ba ya ƙara mata daraja shi kaɗai. Kowace shekara kamfanoni na sauke samfura daga jerin kayansu, Spyderco ma har jerin sunayensu take fitarwa, kuma da yawa an sauke su ne don ba su yi kasuwa ba. Abin da masu tarawa ke zuba kuɗi a kansa shi ne wuƙar da ta kawo wani sabon abu a zamaninta, kuma ta iso hannunsu yadda ta fito daga masana'anta: ba a sake mata baki ba, ba a musanya mata noti ko sifirin ba, akwai kwalinta da takardunta. Ga wanda ke zaune a Bauchi akwai ƙarin magana. Masana'antar Benchmade tana Oregon City, ta Spyderco tana Golden a jihar Kolorado, babu wadda za ka aika wa wuƙa gyara cikin sauƙi, kuma kayan gyaran samfurin da aka daina yi sukan ƙare ko a can. Duk aibin da ka saya, naka ne har abada. Saboda haka lafiyar makulli da sifirin ita ce gaba da sunan da ke jikin ruwan wuƙar.

Sai dai kafin a zo nan, akwai batun hukuma, kuma kai da kake Bauchi ka fi kowa sanin dalili. Matsalar 'yan sara-suka a nan, da ta 'yan kalare a Gombe, ta sa jami'in tsaro da ya ga wuƙa a aljihun mutum ba zai tsaya tambayar tarihin kamfaninta ba. Dokar tarayya ta fashi da makami ta fassara makami da faɗi sosai: duk abin da aka yi ko aka gyara don ji wa mutum rauni, ko wanda mai riƙe da shi ya yi niyyar amfani da shi haka. Wuƙar da ke fitowa da danna maɓalli tana da wuyar karewa a gaban wannan fassara idan an same ta a jikinka a kan titi. Ko a ƙasashen da ake ƙera su ba a sake su haka nan ba: Amurka ta yi dokar taƙaita cinikinsu tsakanin jihohi a 1958, Ingila ta hana sayar da su da shigo da su a 1959. Shi ya sa eBay ba ya yarda a sa su a kasuwa, dillalai da yawa kuma ba sa tura su ƙetare. Ofishin shiyya na hukumar kwastam yana nan Bauchi. Ka je ka yi tambaya kafin ka biya ko sisi, ka kuma ji ta bakin lauya. Wanda ya ce zai rubuta wani suna daban a takardar kaya don ta wuce, ka rabu da shi, domin ranar da aka buɗe kunshin sunanka za a gani. Kayan tarawa a gida suke zama, a kulle, ba a zuwa da su kasuwar Wunti ko taron siyasa ko hawan sallah. A ganina mai farawa ya soma da waɗanda ake buɗewa da yatsa, ya bar masu maɓalli sai ya samu amsa a rubuce.

Ka zaɓi layi ɗaya ka bi. Wanda ke sayen duk abin da ya gani yakan ƙare da akwati cike da wuƙaƙen da bai san ko ɗaya ba sosai, kuma irinsa ake yi wa sakiyar da ba ruwa. Layi na iya zama kamfani ɗaya, ko maƙeri ɗaya, ko nau'in makulli ɗaya. Misali, mai bin aikin maƙerin wuƙaƙe Ernest Emerson zai nemi CQC-7 da Benchmade ta yi da izininsa a tsakiyar shekarun 1990 da lamba 970, sannan waɗanda kamfaninsa ya yi daga baya, masu shekarar ƙira a jikin ruwa. Mai bin Spyderco yana da Worker ta 1981, wadda ta fara haɗa ramin yatsa da maƙalin aljihu, da Military ta 1996. Mai ƙarfin aljihu ya dubi Sebenza ta Chris Reeve: samfurin 21 ya fito a 2008, samfurin 31 ya gaje shi a 2019.

Yanzu ga 710 da aka yi maka tayi, kuma zaɓi ne mai kyau idan ta asali ce. Ita ce wuƙar farko da ta zo da makullin AXIS na Bill McHenry da Jason Williams, a ƙarshen shekarun 1990. Tsawon ruwanta inci 3.9, wato kusan milimita 99, nauyinta kusan giram 128. Ƙarfen da aka rubuta a jikinta yana nuna zamaninta: na farko ATS-34 ne, sai 154CM, akwai zubi na M2 da ake kira 710HS, daga baya D2 ya zama na kullum. Tambarin Benchmade, mai siffar malam-buɗe-littafi, shi ma ya sauya. Tsofaffin suna da 'yan ƙahonni biyu a kai da rubutun Bali-Song, na baya ba su da su. Idan tambari na zamanin baya ne amma ƙarfe na farkon zamani, ko akasin haka, ka tsaya ka bincika kafin ka ci gaba.

Yadda makullin ke aiki shi zai nuna maka inda za ka duba. Wata 'yar sandar ƙarfe ce ta ratsa mariƙin daga gefe zuwa gefe, tana zamewa gaba da baya a cikin tsaga. Idan ruwan ya buɗe, sandar takan hau kan gangaren gindinsa ta tokare shi. Abin da ke tura ta gaba siraran wayoyi biyu ne masu lanƙwasa kamar takalmin doki, ɗaya a kowane gefe, a ɓoye tsakanin farantin ƙarfe da murfin mariƙi. Su ne raunin wannan makulli. Yawan buɗewa da rufewa yana gajiyar da su, gumi da laima kuma na cin su da tsatsa a inda ido ba ya kaiwa. Idan ɗaya ta karye wuƙar za ta ci gaba da kullewa, shi ya sa mai sayarwa zai iya rantsewa lafiyarta lau alhali bai sani ba. Ka ja sandar baya da yatsa ɗaya ta gefen dama kawai, ka sake ta, sannan ka yi haka ta hagu. Ƙarfin dawowar ya zama ɗaya. Idan gefe ɗaya ya yi laushi, ko sandar ta karkace, ko ka girgiza wuƙar kusa da kunne ka ji wani abu na motsi a ciki, waya ta karye. Ana iya lanƙwasa wata daga wayar sifirin mai kaurin kusan milimita 0.6, ta yi aiki, amma wuƙar ta tashi daga sahun waɗanda ba a taɓa ba, kuma farashinta ya sauka.

Akwai girgiɗi iri biyu, kada ka haɗa su. Ka buɗe wuƙar ta kulle, ka riƙe ruwan ta bayansa da tsumma, ka motsa shi hagu da dama. Girgiɗin gefe yawanci notin gaɓa ne ya saki, ana ɗan ɗaure shi kwata na juyi ko ƙasa da haka ya tafi. Sai ka motsa shi sama da ƙasa, wato ta hanyar da yake naɗewa. Wannan girgiɗin shi ne mugu, don yana nufin fuskar makulli ta cinye ko ƙusar da ruwan ke jingina da ita ta lotsa, kuma babu notin da zai gyara shi. Bayan haka ka rufe ta ka leƙa ta sama: ruwan ya kwanta a tsakiyar mariƙi, kada ya goga gefe ɗaya. Gwajin nan da wasu ke yi na buga bayan wuƙa a kan tebur don a ga ko makulli zai saki, kada ka yi shi, kada ka yarda a yi wa wadda za ka saya. Shi kansa yana lotsa fuskar makullin.

Ga wuƙaƙe masu makullin harshe, wanda Michael Walker ya daidaita a 1980, da ɗan'uwansa da Chris Reeve ya yi inda jikin mariƙin kansa ne harshen, abin dubawa shi ne inda harshen ya tsaya a gindin ruwa. Idan ya rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin kaurin gindin, akwai sauran rai mai yawa. Idan ya tsallaka har ya kusa taɓa ɗaya farantin, ya gama tafiyarsa. Harshen taitaniyam ya fi ƙarfen ruwa laushi, shi ke cinyewa, kuma yakan manne har sai an tura shi da ƙarfi. Mannewar ba aibi ba ce babba: a goge mai daga wurin da sifirit, a shafa bakin fensir a fuskar gindin, ta ragu. Sababbin samfura da yawa suna da ɗan guntun ƙarfe mai tauri a bakin harshen don maganin wannan, tsofaffin ba su da shi.

Masu maɓalli kashi uku ne, kowanne da ciwonsa. Na farko masu buɗewa ta gefe da sifirin mai naɗi a zagayen gaɓa, irin na Pro-Tech da Microtech LUDT. Sifirin yana da ƙafa biyu, ɗaya a ramin gindin ruwa, ɗaya a ramin mariƙi, kuma a lanƙwasar ƙafar yake karyewa. Alamar gajiyarsa ita ce ruwan ya fita da sanyin jiki ya kasa kullewa. Amma ka fara zargin datti da notin gaɓa da aka ɗaure fiye da kima, don sun fi yawan jawo hakan. Na biyu su ne na Italiya, waɗanda aka fi sani daga garin Maniago, masu sifirin miƙaƙƙe kamar ganye a cikin mariƙi. Wannan sifirin a matse yake muddin wuƙar tana rufe, don haka masu tarawa kan ajiye su a buɗe. Yawancinsu da ƙusoshi aka dasa su, ba noti ba, ba a kwance su sai an ɓata wani abu.

Na uku su ne masu fitowa ta baki, inda Ultratech take. Anthony Marfione ya kafa Microtech a 1994 a Vero Beach ta jihar Fulorida, daga baya kamfanin ya koma Bradford a Fensilbaniya, sannan Karolina ta Arewa, kuma wuƙaƙen zamanin Vero Beach su ne masu tarawa suka fi nema. Ka lura, sunan Ultratech bai mutu ba, ana yin ta har yanzu. Tsofaffin zubinta ne aka daina, don haka kada a ɗora maka kuɗin abin da ya ƙare a kan abin da ke cike a shaguna. Kamfanin yana buga wata da shekarar ƙira a jikin wuƙaƙensa, nan za ka fara dubawa. Aikinta kuwa, babban yatsanka ne ke ja wa sifirin ƙarfi yayin da kake tura madannin. Idan ya kai wani matsayi sai ɗan ƙyauren da ke riƙe da ruwan ya saki, ruwan ya zame a cikin hanyarsa, wani ƙyauren ya cafke shi a ɗaya ƙarshen. A buɗe ko a rufe sifirin a sake yake, don haka ajiya ba ta gajiyar da shi. Wannan ya bambanta da HALO, wata wuƙar Microtech, wadda sifirinta a matse yake idan tana rufe, kuma da hannu ake ja ruwan ya koma. Ɗan girgiɗi a ruwan irin waɗannan ba aibi ba ne, sai da sarari zai iya gudu. Idan ruwan ya ci karo da wani abu a hanya yakan sauka daga kan sifirin ya yi lako-lako. Mutane kan ɗauka ta lalace, alhali jan ruwan ake yi a hankali zuwa ƙarshe har ya yi ƙas, ta koma daidai. Wadda ke yawan tsayawa a rabin hanya ba tare da ta taɓa komai ba, ko dai datti ne, ko an zuba mata mai mai kauri, ko ƙyauren ya cinye. Biyun farko wanki ke maganinsu, na ukun sai masana'anta. Ka gwada ta sau ashirin a jere a gaban mai ita, bakinta na kallon inda babu kowa. Kuskure ko sau ɗaya dalili ne na rage kuɗi ko fasa ciniki.

Jabu kuwa ya yi yawa, kuma waɗanda aka fi kwaikwaya su ne waɗanda aka fi so: Ultratech, Para Military 2 ta Spyderco, Sebenza, da na Benchmade masu makullin AXIS. Hoto a waya ba ya isa, domin masu jabun sun ƙware a tambari da kwali. Inda suke faɗuwa shi ne awo. Ka nemi sikelin masu sayar da zinare mai auna giram, da ma'aunin kauri na masu walda ko kanikawa, ka gwada da adadin da kamfanin ya buga. Babbar Sebenza 21, misali, ruwanta inci 3.625 ne, kusan milimita 92, nauyinta kusan giram 133. Bambancin giram biyu ko uku ba komai ba ne, na goma ko ashirin magana ce. Ka sa mayen ƙarfe a jikin mariƙin da aka ce taitaniyam ne, nesa da ruwa da notuna: idan ya kama, ƙarya ne. Idan bai kama ba kuma bai tabbatar da komai ba, don alminiyam ma ba ya kamawa. Ka dubi rubutun jikin ruwa da gilashin masu gyaran agogo: na asali siriri ne mai tsabta, na jabu yakan yi kauri ko ya karkace, wani lokaci ya haɗa sunan ƙarfe da garin da kamfanin bai taɓa haɗa su ba. Spyderco na buga inda aka yi kowace wuƙa, kamar Golden, ko Seki a Japan, ko Taichung a Taiwan, ko Maniago, kuma kowane samfuri da garinsa. Military da Para Military 2 'yan Golden ne. Sebenza na zuwa da kati mai ranar da aka ƙera ta da nau'in ƙarfenta. Samfurin 21 ya fara da S30V ya koma S35VN, don haka kati da zamani su yi daidai. Notuna ma shaida ne: Emerson na amfani da noti mai tsaga ɗaya a gaɓa da masu kuros a mariƙi, Chris Reeve mai rami kusurwa shida, Microtech ta daɗe tana sa nata na musamman mai kusurwa uku. Sai farashi. Wuƙar da sabuwarta ta haura dala 400 ba za ta zo maka a kuɗin buhun shinkafa ba, ko wane labari aka haɗa mata na gwanjo ko na sojan da ya dawo da ita.

Akwai kuma wadda ta asali ce amma an yi mata aiki. Ka kwatanta faɗin ruwan da hoton sabuwa: wadda aka yi ta wasawa takan rame kusa da gindi, tsininta ya ɗago har ya leƙo daga mariƙi idan an rufe. Layukan da injin masana'anta ya bari a gefen ruwa a jere suke, masu tafiya ɗaya. Idan sun ɓace wuri ya yi sheƙi, an bi ta da samfefa don ɓoye tsatsa. Kan noti da ya cinye yana gaya maka an buɗe ta da sukundireba mara kyau. A kasuwar masu tarawa daraja hawa-hawa ce: sabuwa fil a kwalinta, sai wadda aka ɗan riƙe ba a yanka komai da ita ba, sai wadda aka yi aiki da ita, a can ƙasa kuma wadda aka sake wa siffa. Kwali da takarda da jakar da ta zo da su suna cikin kuɗin, kada a yar.

Game da kwancewa, shawarata kada ka kwance sai dole. Benchmade da Microtech suna ɗaukar kwance wuƙa a matsayin abin da ke soke garantinsu. Chris Reeve ne ya bambanta, shi har makullin noti da giris yake sakawa a kwali. Idan dolen ta zo, yawancin wuƙaƙen nan notin Torx gare su, mai rami kamar tauraro, T6 a maƙalin aljihu da mariƙi, T8 ko T10 a gaɓa. Saitin sukundireba mai araha da ake samu wajen masu kayan gyaran waya yana da waɗannan lambobi, amma ƙarfensa laushi gare shi, yakan murɗe ya cinye kan notin, kuma notin samfurin da aka daina yi ba a samunsa a kasuwar Muda Lawal. Ka sayi mai kyau ko ka haƙura. Masana'antu na ɗiga gam ɗin tiredi a notuna, shi ya sa suke ƙin motsi. Kada ka yi da ƙarfi. Ka ɗora bakin ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo a kan notin na daƙiƙa 20 zuwa 30, gam ɗin ya yi laushi, ka danna sukundireba sosai sannan ka juya. Ka kula kada zafin ya taɓa roba ko ƙaho. Ka yi aikin a kan farin tawul a cikin faranti, ka ɗauki hoto a kowane mataki, musamman washa biyu na gefen ruwa, domin a wasu wuƙaƙen girmansu ba ɗaya ba ne, kuma juya su yana karkatar da ruwa. Masu boris a gaɓa, irin Zero Tolerance 0560, ƙwayoyinsu ƙanana ne, ɗaya ta faɗi ƙasa an shiga uku. Wajen mayarwa, ɗigo ɗaya na Loctite shuɗi, 242 ko 243, a bakin tsinken sakace ya isa. Loctite ja ba ya kwantuwa sai da wuta mai tsanani, ba na wannan aikin ba ne. Mai maɓalli ta gefe kuwa sifirinta a ɗane yake, yana iya tsalle ya tafi da ruwan. Wanda bai taɓa gani an yi ba kada ya fara a kan mai tsada.

Adana su a Bauchi yaƙi biyu ne a shekara. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce, ta fi tsanani a Agusta. Kalmar nan ta cewa ƙarfe ba ya tsatsa ka ɗauke ta da sauƙi: ATS-34 da 154CM suna da kuromiyam kashi 14 cikin ɗari, suna jurewa amma sukan yi ɗige-ɗige idan an bar gumi a kansu, D2 yana da kusan kashi 12, ya fi saurin kamawa, M2 na 710HS kuwa ƙarfen aiki ne zalla, duk inda baƙin fentinsa ya goge tsatsa za ta sauka. Bayan kowane taɓawa a goge ruwan da tsumma mai laushi, a shafa man keken ɗinki mai kyau ko farin man ma'adini na kantin magani, siriri yadda ba zai yi naso ba. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo su yi wari. WD-40 na korar ruwa, amma ba man zama ba ne. A sa wuƙaƙen a akwatin roba mai rufewa ruf, kowace a tsummanta, tare da ƙullin ƙwayoyin silika irin na cikin kwalin takalmi da ɗan agogon auna laima. Ana son ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 50. Silika na ƙoshi da ruwa ya daina aiki, sai a gasa shi a obin na gasa abinci a zafin digiri 120 na kamar awa biyu. Kada a bar wuƙa ta kwana a kuben fata. Dukawanmu gwanaye ne, amma fata tana shan laima, sinadarin jima kuma yana cin ƙarfe da tagulla.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce, mai laushi kamar gari, tana shiga ko'ina. Idan ta haɗu da mai a gaɓa sai ta zama abin da ke cin washa a hankali. Shi ya sa ɗigo ɗaya a kowane gefen gaɓa ya wadatar, kuma mai fitowa ta baki ba ta son giris ko kaɗan. Wankinta shi ne a ɗura ruwan laita ta bakin, a motsa madannin, a zazzage, a hura da iska, a bar ta ta bushe, sannan ɗigo ɗaya ko biyu na mai marar kauri. A yi wannan a waje, nesa da wuta. Bushewar hunturu ita ce ke tsaga mariƙin ƙaho da ƙashi da katako na wuƙaƙen Italiya, yawanci daga bakin ƙusa tsagar ke farawa. A irin wannan lokaci a cire silika daga akwatinsu, a shafa musu ɗan farin mai. Zafin Maris da Afrilu, da kan kai digiri 40, yana sa mariƙin roba mai laushi ya yi danƙo, soson cikin tsohon kwali kuma ya ruɓe ya manne a jikin ƙarfe, don haka ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kai tsaye da cikin mota ba wurin ajiya ba ne. Tsofaffin wuƙaƙe masu mariƙin seluloyid, wata tsohuwar roba mai walƙiya, a ware su daban: idan ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, ta ɓata kanta ta ɓata maƙwabtanta. G-10, wata roba mai tauri ta mariƙi, da alminiyam da taitaniyam ba ruwansu da duk wannan.

Wuƙar tarawa ba a wasa ta. Bakin masana'anta yana cikin abin da ake saye. Wadda ka ware don amfani, ka wasa ta da hannu a kan dutse, a karkace da kusurwar digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, S30V da D2 kuma sun fi jin dutsen daimon. Emerson ta gefe ɗaya ake wasa ta, ɗayan a share ƙaiƙayin kawai. Injin masu wasa wuƙar mahauta a kasuwa yana cin milimita guda cikin ƙiftawar ido, yana kuma zafafa bakin har ya sauya launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, wanda ke nuna taurin wurin ya tafi.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin ajiyar kuɗi. Masu sayen irin waɗannan a nan kaɗan ne, fitar da su waje ya fi shigo da su wuya, kuma kamfani na iya dawo da samfurin da ya binne, kamar yadda Benchmade ta sake fito da 710 da sabon salo bayan shekaru. Ka buɗe littafi: kowace wuƙa da lambar samfurinta, ƙarfenta, kwanan watan jikinta, nauyin da ka auna, wurin wanda ka saya, nawa ka biya, da duk abin da aka taɓa sauya mata, tare da rasit da hotuna. Shi za ka nuna idan hukuma ta tambaya, shi zai hana magada sayar da Sebenza a kuɗin wuƙar yanka albasa. Akwatin ya kasance da kwaɗo, makullin ba inda yara za su kai ba. Game da tayin da ke gabanka, ka nemi a kawo 710 ka auna ta ka gwada wayoyinta biyu, Ultratech kuma ta jira amsar kwastam.